Core i5 da Core i7: wacce zan saya?

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto mana cewa zai sayi laftof ta hannu, kuma an nuna masa guda biyu: ɗaya Core i5-8250U, ɗayar Core i7-7500U. Tambayarsa ita ce, tunda bakwai ta fi biyar, ashe ba i7 ɗin ya kamata ya ɗauka ba?

Madalla da wannan tambaya, ɗana, don mutane da yawa haka suke lissafin. Waɗannan sunayen furosesa ne, wato ɗan guntun da ke cikin kwamfuta mai sarrafa duk umarnin da ka ba ta. Su i3, i5, i7 da i9 aji ne da kamfanin Intel ya raba su, amma fifikon ajin yana aiki ne tsakanin 'yan zubi ɗaya kawai.

Zubin kuwa, wanda 'yan kasuwa ke kira janareshon, lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunan ce ke faɗinsa. 7500U zubi na bakwai ne, na 2016, shi kuma 8250U na takwas ne, na 2017. Shekara ɗaya ce tsakaninsu, amma tazarar babba ce. Wancan i7 ɗin cibiya biyu gare shi, wannan i5 ɗin huɗu. Cibiya sashe ne mai yin aiki da kansa, kamar a ce teloli biyu a shago ɗaya, huɗu a wani, ga ɗinkin sallah ya taru. Ni dai i5 ɗin zan ba ka shawara. Ƙari a kan haka, furosesoshin Intel da Windows 11 ke karɓa galibi daga zubi na takwas suka fara, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025.

Ka kula, daga zubi na goma lambobi biyu ake karantawa. i5-1135G7 na sha ɗaya ne, ba na ɗaya ba.

Harafin ƙarshe ma yana magana. U na nufin mai tsimin wuta, baturinsa na daɗewa, abin da ɗalibi zai yaba ranar da aka ɗauke wuta. H ya fi ƙarfi, ya dace da mai haɗa bidiyo, amma yana shan caji.

Kada ka dogara da sitikar da ke jikin laftof ɗin. Ka sa mai shago ya kunna ta, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, sannan CPU. Cikakken sunan zai fito a sama, ka karanta shi da idonka kafin ku yi ciniki.