Barewa tana jin ka kafin ka gan ta: shawara ga mai koyon farauta a dazukan Niyuzilan

Tambaya: Malam, aiki ne ya kawo ni Wellington a ƙasar Niyuzilan. Wani abokin aikina mai lasin bindiga yakan ɗauke ni mu shiga tsaunukan Tararua farautar barewa. Mun sha zuwa, mu yini muna hawa muna gangara, amma iyakar abin da nake samu shi ne ƙarar karyewar ƙirare da wani ɗan haushi irin na kare, sai ya ce mini ai ta tafi. Ko inuwarta ban taɓa gani ba. Ina tunanin in nemi lasin kaina in sayi bindiga mai madubin saiti na gani na faɗa. Wannan zai gyara lamarin?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Bindiga komai tsadarta ba ta harbin abin da ido bai gani ba, kai kuwa matsalarka ta gani ce. Haushin nan da kake ji macen jar barewa ce ke yin sa idan ta tsargu, kuma ma'anarsa ta riga ta san da ku, ta sanar da 'yan'uwanta. Abin daɗin shi ne kuna zuwa inda barewar take. Abin da ya rage ku koyi isa wurin ba tare da kun aika da sallama ba.

Saboda masu karatu da ba su san ƙasar ba, barewar can ba irin tamu ta Sahel ba ce. Babbar dabba ce, ƙosasshen namijinta kan haura kilo 150, ƙahonsa mai rassa ne, yana zubar da shi duk shekara wani ya tsiro. Turawan Ingila ne suka fara kai ta yankin Nelson a 1851. Da yake ƙasar ba ta da zaki ba ta da kura, sai ta hayayyafa har ta fara cinye dajin. A 1930 gwamnati ta ɗage mata kariya, ta shiga biyan maharba albashi su rage ta, kuma wasu daga cikin bukkokin kwana da za ka gani a cikin tsaunukan nan don waɗannan maharba aka gina su. Yau iri bakwai ne ke yawo a dajin ƙasar, jar barewa ta fi kowace bazuwa. Saboda wannan tarihi ne a mafi yawan filayen gwamnati ba a ƙayyade lokacin farautarta ko yawan da mutum zai harba ba. Sai dai wadda ta tsira daga maharban gwamnati da jiragen sama masu saukar ungulu na shekarun 1960 da 1970 ba ta haifi wawaye ba.

Fara da iska, domin nan ne mafi yawan sababbin shiga ke faɗuwa. Barewa takan ga motsi ta tsaya tana tantama, takan ji ƙara ta ɗaga kunne ta jira. Amma idan warin ɗan Adam ya bugi hancinta, babu jira babu shawara. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce: iska ta riƙa bugun fuskarka, ko aƙalla kuncinka. Da zarar ka ji sanyinta a ƙeya, duk abin da ke gabanka ya sami labarinka, gara ka canza hanya ko ka zauna.

A ƙasar tsaunuka iska tana da jadawali, idan babu hadari ko guguwar da ta dagula shi. Da asuba iska mai sanyi tana da nauyi, tana gangarowa daga ƙololuwa ta bi kwari kamar ruwa. Rana na ɗumama gangare sai ta juya ta fara hawa. Da yamma, inuwa na sauka, ta sake gangarowa. Saboda haka wanda ya san aikinsa yakan fara da sassafe daga ƙasa yana hawa, kafin hantsi ya kai sama, sannan ya yi farauta yana gangarowa iska na zuwa masa daga ƙasa. Ina kyautata zaton ku akasin haka kuke yi: ku bar mota rana ta take, ku kama hawa, warinku na tafe gabanku yana share muku daji. Ka riƙe ɗan ƙunshin toka ko garin hoda a aljihu, ka riƙa barbaɗawa kana duba inda ya nufa, musamman a bakin kowane kwazazzabo, don a nan iska ke yin juyi ta yaudari mutum.

Sai tafiya. Mai yawon buɗe ido yana auna yininsa da kilomita, mafarauci kuwa da abin da ya gani. Ka yi sauri a inda babu alama, ba laifi. Amma da ka iske sabuwar alama, sanɗa ta fara: taku biyu ko uku, ka tsaya, ka duba, ka saurara. Tsayuwarka ta fi tafiyarka tsawo. Idan awa guda ta wuce ba ka ci fiye da mita 300 ba a cikin kurmi mai alama, kana kan hanya. Ka sa tufafi masu laushi da ba sa kwaramniya idan reshe ya goge su, ka ɗaure duk abin da ke kaɗawa a jakarka. Idan ka taka ƙirare ya karye, kada ka ce shi ke nan an ɓata ka ƙara sauri. Tsaya cak na 'yan mintuna. Itace yana karyewa a daji dare da rana. Abin da ke tona asirin mutum shi ne takunsa mai tsari, ɗaya bayan ɗaya, wanda babu dabbar da ke yin irinsa.

Kuma ka daina neman barewa sukutum tsaye a fili kamar a hoto. A kurmi abin da za ka fara gani shi ne kunne ɗaya ya motsa, ko layin gadon baya a kwance a tsakanin itatuwan da duk a tsaye suke, ko ƙafa siririya a ƙarƙashin ganye. Ka riƙa durƙusawa kana leƙa ƙasan rassa. Madubin hangen nesa mai ido biyu, ko da mai matsakaicin kuɗi, zai fi maka amfani yanzu fiye da kowace bindiga, har a cikin kurmin, don yana ratsa ganye ya rarrabe maka abin da ke bayansa.

Alama kuma sai ka koyi sanin kwananta. Kashin barewa na yau yana da sheƙi da danshi, idan ka murza shi yana da laushi, cikinsa kore. Na makon jiya ya dushe ya bushe. Sawun da gefensa ke tsaye tsaf, ruwa bai taru a ciki ba, ganye bai faɗa ba, sabo ne. Dubi ƙananan itatuwa masu faffaɗan ganye mai maiƙo, waɗanda barewa ke so: idan an tsinke kan toho kuma wurin bai yi baƙi ba, ba ta yi nisa ba. Namiji yakan goge ƙahonsa a jikin itace ya saɓule ɓawo, yakan kuma yi birgima a taɓo ya bar kwatami mai ƙarni, wanda hancinka zai gaya maka kafin idonka. Ga wani abu da ɗan arewacin duniya ke mantawa: a can rana ta arewa take ratsawa, don haka gangaren da ke fuskantar arewa shi ne mai ɗumi, nan za ka neme ta lokacin sanyi.

Da ni ne kai, da watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba zan fara. Sanyi ya wuce, ciyawa na tohowa a bakin rafuka da wuraren da ƙasa ta zabtare, barewa ta fito da yunwa tana kiwo a fili da asuba da kuma gab da magariba. Ka sami wuri mai kyau, iska a fuskarka, ka yi fako. Sa'a biyu a zaune kana kallon yadda take fitowa, yadda take ɗaga kai, inda take komawa, sun fi yini goma na ratsa daji. Daga tsakiyar Nuwamba mata ke fara haihuwa, mafarautan kirki sukan kauce wa harbin uwa a lokacin.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Mutumin da ya sha dawowa hannu rabbana, ga ƙishin ya nuna shi ma ya iya, shi ne ya fi kowa haɗari a daji. Daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu lokacin barbara ne, mazan na ruri tsauni na amsawa, dajin kuma ya cika da mafarauta. Da yawansu suna kwaikwayon rurin da ƙaho ko bututu don su jawo namiji. Mafarautanmu na gida sun san wannan dabara, su da ke ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya suna tafiya irin tasa. Wanda ya mayar da kansa dabba don ya ruɗi dabba, yana iya ruɗin ɗan'uwansa mai bindiga. Mutum biyu kan yi ta amsa wa juna ruri, kowa na sanɗar kowa. An sha rasa rayuka ta haka a ƙasar, kuma sau da yawa wanda aka harba abokin tafiyar maharbin ne, bayan sun rabu kowa ya bi gefe. Ƙwararru ma suna faɗawa ciki, domin idan zuciya ta ƙwallafa rai a kan barewa, ido yakan ƙarasa mata hoton da rigar mutum.

Cikin ƙa'idoji bakwai na riƙe bindiga da za a tambaye ka kafin a ba ka lasin, ta huɗu ce ke magana a kan wannan: ka tantance abin da za ka harba har babu sauran shakka. Launi ba hujja ba ne, motsi ba hujja ba ne, sauti ma haka. Kafin yatsanka ya je kan kunama ka iya faɗa wa kanka namiji ne ko mace, babba ne ko ƙarami, ina kai, ina kafaɗa, kuma me ke bayansa idan harsashi ya zarce. Idan kun rabu da abokinka har ya ɓace maka, farauta ta tsaya sai kun sake haɗuwa. Ka sa riga mai launin ruwan lemo mai haske, wanda idon mutum ke kamawa daga nesa amma na barewa ba ya rarrabe shi sosai. Kada kuma ka taɓa duba abin da ba ka tantance ba da madubin bindiga, don duk inda madubin ya kalla, bakin bindigar ma can ya kalla.

Batun doka gajere ne. Kana iya harbi ba tare da lasin ba muddin mai lasin yana tsaye kusa da kai yana kula da bindigar, don haka babu gaggawa. An tsaurara dokokin makamai bayan harin masallatan Christchurch na 15 ga Maris 2019, inda aka kashe mutum 51, kuma neman lasin yana ɗaukar lokaci, da tambayoyi da duba inda za ka ajiye bindigar. Farauta a filin gwamnati sai da takardar izini daga hukumar kula da gandun daji, wadda kowa ke kira DOC. Ba a farauta da dare ko da fitila a filayenta, ba a harbi kusa da bukkoki da hanyoyin masu tafiya. Ƙungiyar mafarautan barewa ta ƙasar, New Zealand Deerstalkers Association, tana da kwas mai suna HUNTS don sababbin shiga. Ka nemi reshen da ke kusa da kai, kuɗin da za ka kashe a nan ya fi na madubin saiti albarka.

Ranar da Allah ya kawo rabo, ka nemi abin da za ka ɗora bindigar a kai, ka saita bayan kafaɗa, inda zuciya da huhu suke. Harbin kai na masu burga ne, kuskure kaɗan ya farfasa muƙamuƙi dabba ta tafi ta mutu da yunwa. Ka ambaci sunan Allah lokacin harbi. Malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da aka farauta da harsashi, amma idan ka iske ta da sauran rai dole ka yanka, saboda haka wuƙarka ta kasance a kugu, wasasshiya. Idan ta gudu da rauni, ka sa alama a inda kake tsaye da inda take tsaye, ka bi jini. Bin sawunta wajibi ne a kanka ko da zai cinye yinin.

Ka fitar da kayan ciki nan take don naman ya huce, ka rataye shi a inuwa cikin jakar yadi saboda ƙuda, ban da leda. Idan ka ga ƙuraje ko mugunya a huhu ko a kaluluwar wuya, ka bar shi, don tarin fuka na shanu yana kama barewa a wasu yankuna. Tun kafin ka bar gida ka duba sanarwar DOC a kan wuraren da aka watsa gubar 1080 don kashe ɓeraye da sauran masu ɓarna, kada ka ci naman da ya fito daga can sai wa'adin ya cika. Naman farauta kuma na cin gida ne, doka ta hana sayar da shi.

Tararua ta yi suna wajen hazo da iska mai kayar da mutum, kuma faɗuwa da ruwan rafi sun fi harsashi cin mafarauta. Ka faɗa wa wani inda za ku da ranar dawowa, ka ɗauki na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan Adam, wadda ake bayarwa haya a shagunan kayan daji, don waya ba ta kamawa a kwari. Rafin da ya yi ja ko kake jin duwatsu na gungurawa a ƙarƙashinsa, kada ka tsallaka, ka kwana a wannan gefen ko da gobe Litinin ce. Kafin ka ja kunama kuma ka tuna duk kilon da ka kayar a bayanka zai fita, ta kan tsaunin da ka hawo.