DARASI NA TARA: ILIYA DA CIWON FARGABA

Karatu: I Sarakuna 19:1-18, Matta 6:25-34.

A garin nan namu na Lafiya, kadan an gaishe da mutum sai ya amsa da sunan garin, ko da shi ke bai runtsa ba daren jiya. Akwai waɗanda su ke zaune tare da mu a majami'a kowace Lahadi, zuciyarsu tana bugawa kamar ganga, ba su kuwa faɗa wa kowa, gama suna tsoro kada a ce bangaskiyarsu ta kasa. Waɗansu sun zo daga ƙauyukan Awe da Keana da Obi, inda rikicin manoma da makiyaya ya kore su a 2018. Harbi ya daina, amma jikinsu bai yarda ba tukuna.

Sai mu rarrabe abu biyu. Akwai damuwa ta kowa, irin ta manomi sa'anda ruwa ya makara ga doyarsa. Ruwa ya sauko, ita ma ta wuce. Akwai kuma fargaba wadda ta zama ciwo. Allah ya sa wani ruwa a jiki, likitoci suna ce da shi adiranalin, yana fitowa daga bisa ƙoda. Sa'anda mutum ya taka maciji, ruwan nan ne ke sa zuciya ta yi sauri, numfashi ya gajarce, gumi ya karyo, domin ya tsere. Ga mai ciwon fargaba kuwa abin ya kan tashi ba maciji. Ya kan ji kamar mutuwa ta zo, bayan 'yan mintoci ya lafa. Ko kuwa tunani ya riƙe shi yawancin kwanaki har wata 6 ko fi, ya hana shi barci da aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ke da ciwon a 2019, mata sun fi yawa, kuma wajen ɗaya cikin huɗu kaɗai ke samun magani.

To, ashe Ubangiji bai hana mu alhini ba cikin Matta 6? Ya hana, amma mu lura. Kalmar Helenanci da ke wurin, daga tushenta ne Bulus ya ɗauki wadda ya faɗi nauyin ikilisiyoyi da ke bisansa kullum (II Korintiyawa 11:28), da ita kuma ya yabi Timoti cikin Filibiyawa 2:20. Yesu yana janye almajiransa daga bautar dukiya zuwa ga Uba mai ciyar da tsuntsaye. Maganar ta'aziyya ce. Wanda ya mai da ita sanda ya bugi marar lafiya, ya ƙara masa kaya ne: dā tsoro kaɗai, yanzu tsoro da kunya.

Mu dubi Iliya. Jiya-jiya ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450. Saƙon Yezebel guda ɗaya ya sa shi gudu har Biyer-sheba. Can ya bar baransa, ya shiga jeji shi kaɗai, ya roƙi mutuwa. Haka ciwon nan ya ke yi, yana raba mutum da masu taimakonsa. Me Allah ya yi? Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sake kwantawa, aka sake ciyar da shi. Sai bayan kwana 40, a Horeb, aka tambaye shi abin da ya kawo shi, aka bar shi ya faɗi kukansa har sau biyu. Daga baya ne aka gyara masa lissafi, cewa akwai sauran mutum 7,000, aka kuma ba shi Elisha abokin tafiya. Mu kam sau da yawa da gyaran lissafi mu ke farawa.

Saboda haka kadan ɗan'uwa ya kawo mana wannan kuka, mu zauna mu ji. Mu tambaye shi barci da abinci. Ya rage goro da shayi mai kauri, gama suna ƙara bugun zuciya. Sa'anda abin ya taso, ya ja numfashi a hankali, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja. Mu yi addu'a tare da shi, mu kuma raka shi asibiti, domin ciwon maƙoƙo da waɗansu cututtuka su kan yi kama da fargaba, sai likita ya gwada. Akwai magani ta hanyar zance da gwani, akwai kuma ƙwayoyi waɗanda su kan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu. Kada ya sayi maganin barci a kemis da kansa. Wanda ya yi zancen kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ran nan. Tun Janairu 2023 Nijeriya tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a madadin ta 1958, tana kāre mutuncin irin waɗannan marasa lafiya.

Tambayoyi: Don me Iliya ya bar baransa a Biyer-sheba? Cikin ƙungiyarmu, wa mai fargaba zai iya gaya wa, maganar ba ta kai kasuwa ba?