Yadda Ake Gane Baƙuwar Shuka: Misalin Rumana

A ce ɗalibi daga Badariya ya fita da damina wajen fadamar Rima, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ya tono wata shuka mai dogon ganye kamar takobi, da curin saiwa a gindinta. Ya ɗauki hotonta da waya, manhaja ta ce masa sunanta Iris. Shin ya yarda?

Kada ya yi garaje. Jinsin Iris na ƙasashen arewacin duniya ne, wato Turai da Asiya da Amurka ta Arewa. Ba ya tsirowa da kansa a dajinmu. Amma danginsa, waɗanda masana ke kira Iridaceae, suna nan, kuma fitacciyar cikinsu ita ce rumana, wato Gladiolus.

Kafin a taɓa kwamfuta, sai a fara da ido da reza. A buɗe furen a ƙirga 'yan sandunan da ke ɗauke da garin fure. A dangin rumana uku ne rak, kuma kwanson 'ya'yan yana ƙarƙashin furen. Ganyen a baje yake kamar mafici. In aka tsaga curin, cikinsa dunƙule yake, ba shi da ɓawo-ɓawo. In sandunan shida ne, curin kuma hawa-hawa kamar albasa, to watakila albasar kwaɗi ce, wato Crinum. In kuwa shida ne, bakin ganyen yana nannaɗewa yana kama wasu tsirrai, saiwar kuma ta lanƙwashe, to an gamu da gatarin kurege, Gloriosa superba. Wannan tana da dafin kolcisin, wanda kan kashe mutum. Da yake masu magani saiwa suke haƙa, sau da yawa bayan fure ya bushe, kuskuren suna a nan ba ƙaramin abu ba ne.

Da waɗannan alamu a rubuce ake shiga rumbunan bayanai na intanet. Plants of the World Online, wanda lambun Kew na Ingila ya buɗe a 2017, shi ke faɗin sunan da aka amince da shi da ƙasashen da shukar take. GBIF, da aka kafa a 2001, yana nuna a taswira wuraren da aka taɓa tsinto ta. Sai dai rashin ɗigo a kan Kebbi ba ya nufin babu shukar. Galibi masu tattarawa ne ba su zo ba.

Akwai kuma tarkon tsofaffin sunaye. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, da littafin tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Littattafan zamaninsa na kiran wata rumana Gladiolus quartinianus ko Gladiolus psittacinus, alhali yau duka biyun an mayar da su ƙarƙashin Gladiolus dalenii. Wanda ya nemi tsohon suna kaɗai zai zaci shuka uku ce. Sunan Hausa ma haka: rumana ta haɗa iri fiye da ɗaya.

A ganina, malamai su riƙa sa ɗalibai su danne samfuri cikin tsohuwar jarida, da furensa da curinsa, a rubuta rana da wuri da launin fure tun bai kwanta ba. In rumbunan suka saɓa wa juna, sai a kai shi ma'adanar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko ta cibiyar binciken gandun daji a Ibadan, a gwada shi da waɗanda aka tabbatar.