DARASI DAGA BELFAST: ƊANKA DA ƊAN MAƘWABCINKA A AJI ƊAYA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, tambayar da iyaye ke yawan aiko min ita ce: garin da aka yi rikicin addini, aka zubar da jini, shin ya dace in kai yarona makarantar da zai zauna aji ɗaya da 'ya'yan ɗaya ɓangaren? Kafin amsa, mu leƙa wata ƙasa da ta riga mu ɗanɗana wannan ɗacin.

Arewacin Ireland yanki ne na Birtaniya. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yarjejeniyar sulhu ta 1998, an kashe mutum sama da 3,500 a rikici tsakanin masu son zama cikin Birtaniya, galibinsu Furotesta, da masu son haɗewa da ƙasar Ireland, galibinsu Katolika. Duka Kiristoci ne fa, yarensu ɗaya. Amma tun 1969 aka fara gina katangu tsakanin unguwanninsu a birnin Belfast, har yau wasu ƙofofin ana rufe su da dare. Makarantu ma a rabe suke, ta yadda in ka tambayi mutum makarantar da ya yi, ka gama sanin ɓangarensa.

A 1981, ana tsakiyar rikicin, wasu iyaye suka buɗe makarantar Lagan College da ɗalibai 28, 'ya'yan Katolika da na Furotesta tare. Ku lura, iyaye ne suka fara, gwamnati daga baya ta biyo. Yarjejeniyar 1998 ta ambaci ƙarfafa irin waɗannan makarantu, amma har yanzu ɗalibansu ba su kai kashi 10 cikin 100 na ɗaliban yankin ba. Kai, a 2001, shekara uku bayan sulhu, sai da 'yan sanda suka riƙa raka ƙananan yara mata zuwa firamaren Holy Cross ta Katolika, saboda masu zanga-zanga sun tsaya a kan hanyarsu. Sa hannu a takarda abu ne mai sauƙi, wanke zukata shi ne aiki.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin makarantun. Ba a ce wa yaro ya ajiye addininsa a bakin ƙofa. Ana ƙoƙarin daidaita adadin ɗalibai da malamai da 'yan kwamitin gudanarwa, don kada wani ɓangare ya zama baƙo. Ɗan Katolika a firamare ana shirya masa darasin ibadunsa. Wannan ya yi daidai da abin da masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya bayyana a 1954: cuɗanya tana rage ƙiyayya in akwai daidaiton matsayi, da manufa guda, da aiki tare, da goyon bayan hukuma. In babu waɗannan, zaman doya da manja ne kawai.

To, wannan hoton ba baƙo ba ne a wurinmu. Bayan rikicin 2000 da na 2002, Kaduna ta rabu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kiristoci a kudu. Jos ma haka unguwanni suka rabu bayan 2001 da 2008 da 2010. Yaron da aka haifa bayan nan yau ya isa aure, kuma mai yiwuwa bai taɓa cin abinci da wanda ba addininsa ɗaya ba. Irin wannan matashin, jita-jita ɗaya a WhatsApp ta isa ta ɗora masa makami.

Me shari'a ta ce? Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta nuna hikimar yin mu al'ummu da ƙabilu ita ce sanin juna. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ba ta hana kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Kuma bayan yaƙin Badar, Manzon Allah (SAW) ya sanya fansar wasu fursunoni mushirikai ta zama koya wa 'ya'yan Ansar rubutu. Jiya-jiya aka gwabza da su, yau ga yaran Musulmi a gabansu suna ɗaukar darasi.

Don haka fahimtata ita ce ya halatta, har ma akwai maslaha, amma da sharuɗɗa. Uba ya je da ƙafarsa ya duba:

1. Akwai wurin sallah da lokacinta?
2. Ana barin yarinya da hijabinta?
3. Akwai malamin addinin Musulunci, kuma ba a tilasta wa yaro shiga ibadar wasu?
4. Hanyar makarantar tana da aminci?

Sannan Islamiyyar yamma da tarbiyyar gida kada su yi rauni, domin aƙida a can ake dasa ta. Inda sharuɗɗan nan suka faɗi, kare addinin yaro shi ne gaba.

Sai dai adalci ba ya da fuska biyu. Abin da muke nema wa 'ya'yanmu inda muke tsiraru, wajibi ne mu bai wa ɗan Kirista inda muke da rinjaye. Kai shugaban makaranta, kai malamin aji, wannan amana tana wuyanka.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wallahu a'alam.