Filin Nazari: Me Ya Sa Dunmer Suka Yi Kama da Al'ummar Gaske?

A wannan makon filin nazari ya leƙa wurin da wasu malamai za su yi mamaki, wato wasannin intanet. A yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin darasi ne na rubutun ƙagaggen labari, kuma ya shafi duk mai aiko wa wannan allo da labari.

Akwai irin wasan da dubban mutane ke shiga duniya guda ta ƙage a lokaci ɗaya, kowa daga na'urarsa. Kafin ka fara, sai ka zaɓi jinsin halittar da za ka zama: mutum, ko wada, ko elf mai tsinin kunne, ko orc mai haure a waje. Yawancinsu an gaje su ne daga littafin The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, wanda ya fito a 1954 da 1955, da kuma wasan tebur na Dungeons & Dragons na 1974.

Matsalar ita ce an daɗe ana yi wa waɗannan jinsuna kuɗin goro. Duk wada maƙeri ne mai gemu da son zinariya. Duk elf maharbi ne mai ji da kai. Duk orc mugu ne, ba shi da aiki sai yaƙi. In ka ga ɗaya ka ga dubu. Mai karatu ko mai wasa bai daɗewa sai ya ƙosa, don ya san abin da kowa zai faɗa tun kafin ya buɗe baki.

To, bari mu duba inda aka yi abin da kyau. A 2002 kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da wasan Morrowind, sannan a 2017 aka sake buɗe wannan yanki a cikin The Elder Scrolls Online, wanda ake yi ta intanet tun 2014. Mutanen ƙasar su ne Dunmer, wasu elf masu fata ruwan toka da jajayen idanu.

Marubutan sun fara ne daga ƙasa. Tsibirin da wasan ke gudana a kai yana da ƙaton dutse mai aman wuta a tsakiyarsa, kuma guguwar toka na yawan tashi. Daga nan sauran abubuwa suka biyo. Akwai wata doya da ke fitowa a ƙasar toka, ita ake nomawa. Akwai wasu manyan ƙwari da ake kira kwama, ana shiga ramukansu a kwaso ƙwai kamar yadda ake haƙar ma'adinai, har sana'a ce mai zaman kanta. Ba a ganin doki a tsibirin. Mai tafiya wani gari kan hau bayan wani ƙwaro mai dogayen ƙafafu da ya fi gida tsawo. Sulken mayaƙa ma da ƙashi da ɓawon ƙwari ake yin wasu. Babu wanda zai tsayar da kai ya yi maka lacca a kan al'adunsu. Kwanon abincinsu da rufin ɗakinsu su ke ba ka labari.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci, shi ne Dunmer ba su jituwa da juna. Suna da manyan gidaje biyar. Gidan Redoran na mayaƙa ne masu riƙon mutunci da alkawari, kuma a wasan 2002 fadarsu tana cikin ɓawon wata ƙatuwar ƙaguwa da ta mutu tun zamanin da. Gidan Hlaalu 'yan kasuwa ne, sun iya zama da baƙi, shi ya sa sauran ke zarginsu da son kuɗi fiye da asali. Gidan Telvanni matsafa ne da ke zaune a dogayen hasumiyoyi na laimar kwaɗo, ba su son a sa musu baki a harkarsu. Indoril sun riƙe wurin bauta, Dres kuma manoma ne da suka yi arziki da cinikin bayi. A wasan intanet ɗin, lokacin da Dunmer suka ƙulla ƙawance da tsofaffin bayinsu don fuskantar abokan gaba, Telvanni ƙin shiga suka yi.

Ban da waɗannan akwai makiyaya masu yawo a jejin toka, suna kwana a tantuna. Kowace ƙabilarsu tana da shugaban yaƙi da kuma wata dattijuwa mai hikima da ake jin maganarta. Su suna ganin mutanen birni sun bar tafarkin kakanni, mutanen birni kuma na kallonsu a matsayin 'yan ƙauye marasa wayewa. Wani abin dariya, ɗaya daga cikin ƙabilun huɗu sunanta Zainab. Zainabobin makarantarmu sai su yi haƙuri, ba mu muka raɗa ba.

Ka ga ke nan idan aka tambaye ka, "Yaya halin Dunmer yake?" dole ka ce, "Wanne daga ciki?" Ko a nan, wanda ya ji Sakkwatanci ya ji Kananci ya san harshe ɗaya bai hana bambanci ba.

Akwai gajeriyar hanya da wasu ke bi, wato aron al'adar wasu mutanen gaske a yafa wa halitta. World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, ya ba wa jinsin troll karin harshe irin na mutanen Jamaika, ya ba wa tauren, masu kan shanu, tantuna da sassaƙaƙƙun gumaka irin na 'yan asalin Arewacin Amurka. Yana saurin shiga ido, amma aron riga ne, kuma masu rigar ba lallai su ji daɗin ganin wanda aka sanya wa ba. Sai dai wasan ya kyauta da ya raba orc zuwa zuri'o'i masu saɓani, kamar Frostwolf da Warsong da Blackrock.

Maganar ta wuce nishaɗi. A 2020 kamfanin da ke buga Dungeons & Dragons ya amsa cewa yadda aka riƙa siffanta wasu jinsuna a matsayin miyagu tun daga haihuwa ya yi kama da yadda ake ɓata sunan wasu al'ummun gaske, ya kuma ce zai gyara. Wanda ya saba jin "duk orc mugu ne" a wasa, kunnensa ba zai yi ƙaiƙayi ba idan aka faɗi irin haka a kan wata ƙabila a kasuwa.

Ga aikin wannan makon ga masu sha'awa. Ƙirƙiri wata al'umma da ba ta taɓa wanzuwa ba, a shafi ɗaya kacal. Faɗa mana inda suke zaune, abin da suke ci da rani, da yadda suke binne mamatansu. Sannan ka kawo mutum biyu daga cikinsu da ke gardama a kan wani abu, ta yadda kowannensu yana da hujjar da za a saurara. A miƙa wa sakataren kulob kafin tashi ranar Alhamis, uku da suka fi kyau za mu liƙa su a nan.