Cin Zali a Makaranta: Darasi Daga Rijiyar Dotan

Karatun Nassi: Farawa 37:12-30, 42:21-22

Manufa: Iyaye da malaman Makarantar Lahadi su gane alamun cin zali, su kuma koya wa yara kada su yi shiru idan sun ga ana zaluntar wani.

Gabatarwa

Kowace shekara muna kai 'ya'yanmu ƙaramar sakandare a Kafanchan, Kagoro, Kwoi, Zonkwa da Kachia. Yawancinsu ba su wuce shekara 11 ko 12 ba. Muna biyan kuɗin makaranta, mu cika akwati da gari da ƙuli-ƙuli, amma ba safai muke tambayar yadda manyan ɗalibai suke bi da su ba. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha cin zali a hannun 'yan'uwansa ɗalibai cikin wata ɗaya kafin a tambaye shi.

Mene ne cin zali?

Faɗan yara biyu masu ƙarfi ɗaya yakan ƙare nan take. Cin zali kuwa shi ne mai ƙarfi ya riƙa cutar marar ƙarfi da gangan, yau da gobe. Akwai duka, da ƙwace kuɗin tara ko abinci, da sa ƙaramin yaro wanki da ɗiban ruwa da sunan siniya. Akwai kuma na baki. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya tara jama'a: Fantswam, Kaninkon, Bajju, Atyap, Ham, Hausawa, Fulani, Ibo da Yarbawa. A aji ɗaya akan yi wa yaro ba'a saboda harshensa, ko addininsa, ko don iyayensa sun gudo daga ƙauye bayan hari. Yanzu wayar hannu ta ƙara nata, gama ana ɗaukar hoton wulaƙancin a watsa.

Abin da Nassi yake koya mana

Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da 'yan'uwansa suka tuɓe masa riga suka jefa shi rijiya a Dotan. Mu lura da abubuwa uku.

Na fari, ƙiyayyar daga gida ta tsiro, domin Yakubu ya fifita ɗa ɗaya a fili. Yaron da yake ganin wariya ko duka a gida yakan kai abin da ya koya makaranta.

Na biyu, bayan sun jefa shi sai suka zauna cin abinci. Mugunta ta zama musu abin yau da kullum. Haka muke yi idan muka ce, "Mu ma haka aka yi mana, ai shi ke sa yaro ya yi ƙwari."

Na uku, Ra'ubainu bai yarda da kisan ba, amma ya so ya ceci ƙanensa a ɓoye. Kafin ya dawo an sayar da Yusufu. Bayan kimanin shekara 20, a Masar, 'yan'uwan suka tuna yadda ya roƙe su suka ƙi ji. A watan Afrilu 2024 an ga irin wannan a wata makaranta a Abuja, inda aka ɗauki bidiyon wata ɗaliba ana ta marinta, wasu suna tsaye suna kallo. Shirun 'yan kallo shi ne ƙarfin mai cin zali.

Alamun da za mu lura da su

Yaro ya fara ƙin zuwa makaranta, ko yana kukan ciwon ciki kowace Litinin. Kayansa suna ɓacewa, rigarsa a yage, akwai tabon da ya kasa bayyanawa. Ya dawo hutu a rame, ya daina fara'a, makinsa ya faɗi.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu saurari yaron a natse. Kada mu ce masa rago, kada kuma mu ce ya je ya rama.
2. Mu rubuta rana da wuri da abin da ya faru, mu kai wa malamin aji da shugaban makaranta. In ba a ɗauki mataki ba, a kai gaban ƙungiyar iyaye da malamai. In akwai rauni, a fara da asibiti. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar kare yara ta Jihar Kaduna ta 2018 suna bayan yaron.
3. In ɗanmu ne mai cin zalin, kada mu kāre shi. A hore shi cikin ƙauna, ya nemi gafara, ya mayar da abin da ya ƙwace.
4. A Makarantar Lahadi mu koya wa yara cewa kai ƙarar zalunci ba tsegumi ba ne. Su tsaya kusa da wanda ake cuta, ko Kirista ne ko Musulmi, su kira babba nan da nan.

Gafara wajibi ce ga mai bi, amma ba ta hana a tsai da mugunta. Ubangijinmu ya yi kashedi mai tsanani a kan masu sa ƙanana tuntuɓe (Matiyu 18:6).

Tambayoyi

1. Me ya hana Ra'ubainu yin magana a fili?
2. Wace irin magana muke yi a gida game da wasu ƙabilu da yara za su iya kaiwa makaranta?

Addu'a: Ya Uba, ka buɗe kunnuwanmu ga kukan ƙanana, ka ba 'ya'yanmu ƙarfin hali su tsaya wa marasa ƙarfi, cikin sunan Yesu. Amin.