Baƙo a Cikin Kwale-kwale

Idan damina ta yi nisa, Gulbin Sakkwato kan cika a Gusau da Bunguɗu, mai baƙi kuma yakan so ya ƙetare da su zuwa gona ko gidan biki. Shawarata ita ce, da zarar an taka kwale-kwale, maganar matuƙi tana gaba da ta maigida. In ya ce jirginsa ya cika, wanda ya rage ya jira sawu na biyu, ko da surukinka ne. Kifewar jirgin manoma a Gummi cikin Satumban 2024 ta ci rayuka da dama, kuma lodi fiye da kima ne kan jawo irin wannan hatsari. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa (NIWA) ma ta wajabta rigar kariya daga nutsewa, ta hana tafiyar dare.

Wani zai ce barin babban baƙo a bakin gulbi rashin kara ne. Ai karar ita ce ka tsaya tare da shi har jirgi ya dawo. Baƙon da ya taso daga tudun Tsafe wataƙila bai iya iyo ba, kunya kuwa ba za ta bar shi ya faɗa ba. Tambaye shi tun a gida, ka zaunar da shi a tsakiya, ka roƙe shi kada ya miƙe sai an ɗaure jirgi.